Kiristal Ɗin da Aka Goge da Toka

Kakana Ladan mutum ne da bai yarda da duk abin da aka ƙera bayan ya yi aure ba. Saboda haka ranar da na shigo gidanmu na Danwarai da ɗan allon lantarki mai faɗin akwatin ashana, na ce masa shi zai ta da rediyonsa, sai ya dube ni kamar na kawo masa albasar roba.

Shi da amininsa Attahiru na Liba sun yi aikin gidan waya tare tun suna samari. Da suka ajiye aiki suka yanki lasisi, kowa ya haɗa ɗan rediyonsa cikin gwangwanin biskit, suna hira da ƙwanƙwasa irin ta tangaraho kullum bayan la'asar. Kowane rediyo yana da kiristal guda, ɗan dutse cikin kwanson ƙarfe, shi ke riƙe shi a kan mita ɗaya, ji da aikawa. Bana Attahiru ya sami shanyewar ɓarin jiki, baki ya ƙi magana. A watan ne kuma akuyar kakata Inno ta ture tebur, kiristal ɗin Kaka ya tsage. An karaɗe kasuwar Jega neman irinsa, masu gyaran waya sai dariya suke.

Kaka ya je Liba dubiya, Attahiru ya juya fuska bango, don ba ya son a ga bakinsa a karkace. Amma matarsa Tabawa ta ce kullum la'asar sai ya yi nuni a zaunar da shi gaban gwangwaninsa, ya yi ta ƙwanƙwasa da hannun hagu, ba mai amsawa. Da safen ranar ta kira ni a waya. Ta ce jiya bai nemi rediyon ba, furar ma ya ture. Yau za ta zaunar da shi ko yana so ko ba ya so, amma ba ta jin zai sake yarda gobe.

Ni kuwa zumuɗi ya hana ni karin kumallo. Allon nan na yi odarsa tun makonni, jiya ya sauka tashar Jega. A jami'a, nan Aliero, na gwada irinsa: ka rubuta masa mitar da kake so da kwamfuta, ya ba ka ita, ka murɗa maɓalli ta matsa gaba ko baya. Na cire mataccen kiristal, na like wayoyi da dalma.

"Amarya, in kinka ƙone min gwangwani, na sake ki," in ji Kaka.

"Angon da akuya ta fi ƙarfinsa? Karanto min lambar da ke jikin kwanson."

Ya karanto, na rubuta wa allon. Ya kafa sharaɗi kada in kuskura in taɓa maɓallin murɗawa, wai rediyon kirki ba ya yawo kamar ɗan tasha.

Ana sallame la'asar muka kunna. Gwangwani ya yi shuuu, ya farfaɗo. Na yi tsalle har na buge kwanon dalma. Kaka ya gyara zama, ya ɗora yatsu a makunnin ƙwanƙwasa, ya aika kiransa. Shiru. Ya sake. Shiru, sai iska. Na duba wayar eriyar da ke ɗaure daga darbejiya zuwa rumfar albasa, lafiya lau take. Na kira Tabawa a waya, ta ce ga shi nan yana ƙwanƙwasawa, amma hannun ya fara sanyi.

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni. Na ɗauki tsohon kiristal ɗin ina juyawa don na rasa abin yi, sai na ga kusoshin kwanson duk sun cinye, alamar an sha buɗe shi.

"Kaka, wa ya buɗe wannan?"

Ya karɓa, ya kai shi kusa da ido. Sai ya dafe kai.

"Toka. Wata tashar waje ta dame mu bisa lambar ga, sai munka hidda duwatsun, ni da shi, munka goge su da toka da ruwa bisa gilashin taga har mitocinsu sunka hau sama tare. Wagga lamba ta jiki ƙarya ta, Husna. Na mance sarai."

"Sama da nawa?"

"Wa ya auna? Da kunne munka yi."

Ban nemi izini ba, na kama maɓallin da aka hana ni. Na murɗa a hankali, lambobi suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Kaka ya manta da sharaɗinsa, ya manna kunne yana cewa, "Ƙara, ɗiyata, ƙara." Muka wuce wani mai surutu da Faransanci, muka wuce fito. Can sai ga ɗan sauti siriri, yana tafiya yana ɗingishi, dogo, gajere, dogo.

Kaka ya riƙe wuyan hannuna har ya yi min zafi. Ya aika kiransa sau ɗaya. Sautin can ya tsaya cak, na ɗauka mun rasa shi. Sai ya dawo a guje, yana tuntuɓe da kansa. Kaka ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Me ya ce?" na tambaya, don ni ban iya karatun ba.

"Wai ina nis shige, tsohon banza, ko albasa ta ruɓe min na ji kunyar hitowa."

Wayata ta yi ƙara, Tabawa ce, tana dariya tana kuka. Na miƙa wa Kaka, ya ture hannuna ba tare da ya waiwayo ba.

"Ce mata ta yi haƙuri," ya ce, yatsunsa na kan makunni. "Attahiru na magana."