Kunnen Atine

Jibo ya sayo ƙaramin inji a kasuwar Gummi don ya ɗora wa kekensa. Yana baje kayan a tsakar gida, matarsa Atine ta ɗauki faifan haƙoran da ke jan sarƙa, ta ƙwanƙwasa shi kusa da kunnenta kamar mai zaɓen tukunya.

"Maigida, wannan ƙarfen ba ya amo. Bai gasu ba."

Jibo ya tuntsire da dariya. "Inji ne fa, ba tukunyar miya ba!"

Ranar da ya nufi Adabka, a hawan farko haƙoran suka zube. Ya turo keken har gida, sharkaf da zufa.

Da ranar kasuwa ta zagayo, ya tsaya bakin ɗaki yana sosa ƙeya.

"Atine, ɗauko mayafinki, mu je ki ƙwanƙwasa mini."