Buzuzu a Kan Zogalen Tsahara

Abdulmutallib maƙaryaci ne, kuma da hoto ya yi ƙaryarsa. Masu kare shi suna cewa ai bakinsa bai furta komai ba. Wannan ba hujja ba ce.

Mai gyaran waya ne a unguwar Zariya, cikin Maraɗi, magidanci da iyali. Wani ya taɓa bar masa ɗan gilashin nan da ake maƙalawa a idon waya, wanda ke mayar da ƙuda kamar tunkiya. Daga nan ya kamu da ɗaukar hoton ƙwari. Ya shiga wani zaure na watsaf inda masu irin wannan sha'awa ke tura hotuna, ana gardamar sunan kowane ƙwaro. Ba laifi a nan. Halittar Allah ce, ana kallonta. Laifinsa rashin haƙuri. Ƙwaro ba ya tsayawa don an ce ya tsaya, shi kuwa ba ya iya durƙuso a rana yana jira, ga shi yana son yabo.

Wata rana a wani garke kan hanyar Tibiri ya tsinci ɗan ƙwaro cikin kashin shanu. Bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, kore shar, yana sheƙi, da ɗan ƙaho a ka. Abdulmutallib ya ga ba wanda zai yaba hoton kashi. Ya sa shi a kwalba, ya cusa a firigon matarsa tsakanin ƙullin zoɓo, don ya ji ana cewa sanyi yana kashe wa ƙwaro jiki. Da safe ya sa kwalbar cikin kula mai ƙanƙara, ya hau babur sai Jiratawa, gonar goggonsa Tsahara.

Tsahara zogale take nomawa a fadamar ban ruwa. Matan Maraɗi masu dafawa su sayar, wajenta suke sari, don ganyenta ba ƙasa ba ɗaci. Da shi take riƙe da gidanta.

"Ɗan nan, lafiya da sassafe? Ko ka tuna kana da goggo?"

"Gaisuwa na zo, Goggo. Bari in ɗan zaga gonar."

Ya ɗora ƙwaron a kan ganyen da ya fi kyau, ya ɗauki hotonsa yadda yake so, ya mayar da shi kwalba. Ko ruwan da ta kawo masa bai sha ba. Ya tura a zaure, ya rubuta a ƙasa: "Baƙo a gonar Tsahara, Jiratawa. Wa ya san sunansa?"

Hoto ba ya zama inda aka ajiye shi. Kafin la'asar ya fita daga zauren ya shiga wayoyin matan sari. A cikin hoton ƙwaron ya cika fuskar waya, ƙaho kamar na bijimi, ƙafafu duk ƙaya. Balkisu, wadda ta fi kowa sari wajen Tsahara, ta zo ta tsaya bakin gona, ta ƙi shiga.

"Inna Tsahara, ki yi haƙuri. An ce wata annoba ta shigo miki. Ni mutane nake ciyarwa."

"Wace annoba? Shigo ki duba da idonki."

"Na gani a waya."

Ganye ya kwana a buhu ya yi baƙi. Maƙwabtan gona suka fara maganar a yi mata feshi ko a sare zogalen kafin abin ya tsallaka. Abdulmutallib yana jin duk wannan, ya yi shiru, yana ƙirga masu yaba hotonsa.

A zauren akwai Mushe Filibus, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tibiri, wanda ya daɗe yana nazarin ƙwari. Da niyyar taimako ya rubuta: "Ku kwantar da hankali. Buzuzu ne, ƙaramin iri, namiji. Dubi kansa mai faɗi kamar shebur, da haƙoran ƙafarsa ta gaba don tono. Ba ya cin ganye, kashi yake ci."

Sai abin ya ƙara lalacewa. Masu cewa annoba suka koma cewa, to mi ya kai buzuzu can in ba ƙazanta ake zuba wa zogalen ba? Wannan ya fi na farko muni, don annoba ana tausaya wa mai ita, ƙazanta kuwa ba a tausayawa.

Filibus ya sake duban hoton da kyau. Ya hau kabu-kabu har Jiratawa, ya sami Jibo, shugaban manoman fadamar, ya nuna masa.

"Duba, raɓa tana jikin ƙwaron, ganyen kuwa a bushe. Abin da aka fitar daga sanyi ne ke yin gumi haka. Ɗora shi aka yi."

Aka kira Abdulmutallib ƙarƙashin rumfar manoma. Ya zo yana murmushi.

"Baba Jibo, ai kowa haka yake yi. Don hoto ya yi kyau ne kawai."

Tsahara ba ta ɗaga murya ba.

"Don ya yi kyau. Ka ɗauko abu daga kashi ka ɗora a kan abincin mutane, ka rubuta sunana. Ka ji ana zagina, ka yi shiru. Da ubanka na raye, shi ma gonarsa za ka yi wa haka?"

"Ban zaci zai kai nan ba, Goggo."

"Da ya kai fa? Wayarka ta mutu ne?"



Zauren watsaf ya cire shi a ranar. Manoma suka hana shi shiga fadamar da waya a hannu. Jibo ya yanke cewa kowace ranar sari Abdulmutallib zai rufe shagonsa, ya tsaya kusa da buhunan Tsahara da buzuzu a kwalba, ya nuna wa kowace mace girmansa na gaskiya, ya faɗi inda ya tsinto shi, sannan ya ci kwaɗon zogalen a gabanta. Zai daina ranar da Balkisu ta dawo sari.

Balkisu ba ta dawo ba tukuna. Abdulmutallib yana can tsaye.