Sifana Mai Lamba Sha Huɗu

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar, ana yayyafi, na tsaya a bakin garejin Yaya. Shekara biyu rabonmu da magana, tun ranar da na ce masa a gaban mutane, "Ba kai ka haife ni ba," na ajiye aiki a garejinsa na tafi.

Ran Lahadi Fasto ya ce mai saɓani da ɗan'uwansa ya je su shirya kafin ya zo jibin Ubangiji, wato cin gurasa mai tsarki a coci. Gobe ne jibin. Na yi addu'a, tsoron da nake ji bai tafi ba, haka na taho da shi.

Yaya yana ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kawai nake gani. Mai fentin garejin ya hango ni, ya yi dariya.

"Maigida, ga ɓataccen ƙanenka ya dawo! A yanka saniya ne?"

Na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Yaya, ni ne. Na yi maka laifi. Ka yafe mini."

Na ce a raina, Ubangiji, ni dai na zo, sauran naka ne.

Can sai hannunsa ya fito, baƙi ƙirin da mai, a buɗe, yadda yake miƙo mini shi a da.

"Sha huɗu," ya ce. "Ko ita ma ka manta da ita?"

Na laluba cikin akwatin kayan aikinsa, na sa masa sifanar a hannu. Ya ja ta ciki, ya ci gaba da aikinsa.