Kiran Jami'a a Bakin Titi

Dogo yana shan kwanar asibiti da bas cike da fasinja sai wayarsa ta ɗauki ruri. Yana ganin lambar ya gane ta. Jami'ar nan ce mai karɓar manya masu aiki, inda ake karatu da yamma da kuma ranakun hutu. Gobe suka ce za su kira su yi masa tambayoyi, ga shi sun kira yau.

Ya haura shekara ashirin yana tuƙi, tun da rasuwar mahaifinsu ta sa ya ajiye karatu ya kama sitiyari don ƙannensa su ci gaba. Duk sun gama. Matarsa ce ta tasa shi gaba har ya nemi gurbin karatu.

Ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya juyo ya gaya wa fasinja gaskiya, ya roƙi su ba shi ɗan lokaci. Nan take mota ta kaure. Wani ya ce ofis za shi, ba rakiyar ɗan makaranta ya fito ba. Sai wata dattijuwa da ke bayan direba ta ce kowa ya ja bakinsa.

"Ɗauki wayarka, ɗana."

Ya ɗauka, ya ji muryar mace ce. Ta ba shi haƙurin sauya rana, ta tambayi abin da yake son karanta, ya ce koyarwa. Ta tambaya ko aiki zai bar shi, ya ce sun riga sun shirya musanyar ranaku da abokin tuƙinsa. Bas ta yi tsit, har wata mai goyo ta toshe bakin ɗanta da nono. Daga nan matar jami'ar ta ce, me ya sa sai yanzu?

"Kullum ni nake sauke ɗalibai a ƙofar jami'a in juya," in ji Dogo. "Ina so in ga cikinta."

Matar ta ce takardunsa sun cika, dama wannan hirar ce ta rage, ya zo wata mai kamawa a fara da shi.

Yana ajiye wayar dattijuwar ta karanta a fuskarsa, ta fara tafi. Mota ta ɗauka gaba ɗaya, wasu na dukan kujera, wani ya ce daga yau Farfesa ne ke jan su, a rage masa tsiwa. Dogo ya share ido da tsumman goge gilashi, ya tada mota.

A bakin wani dogon gini ya tsaya don ya sauke wata mai shara da yake kawowa nan kullum. Ba ta motsa ba.

"Yaya, an iso wurinki fa."

"Na gani," ta ce, ta dawo kujerar gaba. "Ja mu je. Ina da tambaya kan jami'ar nan."