Ruwan Gida da Ruwan Baƙi

Kullum da safe, kafin bel mai kawo wayoyi gabansu ya fara tafiya, Uwar Layi takan ɗauki kwalbar da ke gabanta, ta ɗiga kaɗan a farin ƙyalle, ta kai hanci. Haka duk matan ɗakin goge suke yi, su talatin da biyu, har ba su san suna yi ba.

Masana'antar haɗa wayoyin hannu ce. Daga hannunsu waya take wucewa a manna mata leda a sa ta a kwali, don haka aikinsu shi ne su goge gilashin har ya zama babu ɗigon maiƙo ko sawun yatsa. Ruwan gogewar iri biyu ne, dukansu farare, a kwalba iri ɗaya marar rubutu. Ɗaya yana bushewa kafin ƙiftawar ido, warinsa kamar fetur da aka zuba wa turare. Shi ake ba su kullum, suka sa masa suna ruwan gida. Ɗayan mai warin asibiti ne, ba ya cutar da kowa, amma sai an shafa sau biyu an jira shi, ga bel ba ya jira. Wannan ba ya fitowa daga sito sai ranar da masu bincike za su zo, shi ya sa ake ce masa ruwan baƙi. Wadda ta yi wa ruwan baƙi shafar ruwan gida, gilashinta zai fito da zane, a dawo mata da shi gaban kowa. Tun da ido ba ya raba su, hanci ne ya karɓi aikin.

Ɗakin ba shi da taga ko ɗaya. An ce ƙura ce abokiyar gabar gilashi, saboda haka ko fanka ba a kunnawa. Fitilu farare a sama, riguna farare a ƙasa, sai ƙofa guda da ba ta buɗewa sai an goga mata kati. Uwar Layi ce a kujera ta farko, kusa da ƙofar, inda iska takan leƙo duk lokacin da wani ya shiga. Shekararta bakwai a wurin. Ƙanwarta Auta tana can kujera ta ƙarshe, a lungu, jikin durom ɗin da ake cika kwalabe.

Ita ta kawo Auta. Da mijin Auta ya rasu ya bar ta da 'yar goye, Uwar Layi ce ta yi ta kiran Inna tana cewa a turo mata ita, aikin zaune ne, cikin tsafta, babu rana babu ɗaukar kaya. Aka bar yarinyar wurin Inna, Auta ta zo. Dillalin da ke samo wa masana'antar ma'aikata ya karɓi takardunta ya kulle a durowa, kamar yadda ya yi wa kowa, sai ta cika shekara biyu. Ɗakin kwanansu ma na masana'antar ne. Wadda ta bar kujerarta, ta bar gadonta ranar.

A wata na goma Auta ta fara cewa kiyashi na yawo a yatsunta. Daga baya kofi ya riƙa suɓuce mata. Rediyo, maƙwabciyar kujerarta, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce ai sabon miji ne ke kiran sunanta a zuciya, shi ya sa hannu ke rawa. Aka yi dariya, har da Auta. Amma wata rana da yamma, suna dawowa daga aiki a kan titin da ke bin katangar masana'antar, Uwar Layi ta waiga ta ga silifas ɗin Auta na hagu a baya, taku goma ko fiye, ita kuwa tana tafe da ƙafa ɗaya a kan tsakuwa ba ta sani ba. Ta koma ta ɗauko, ta durƙusa ta sa mata. 

Nas ɗin masana'anta ta ce gajiya ce, ta ba da ƙwayoyin ƙarin jini. Ranar hutu Uwar Layi ta kai ta wurin wani tsohon likita a bayan tasha. Ya soka wa Auta allura a tafin ƙafa, tana kallon silin. Ya tambayi abin da take shaƙa a wurin aiki, suka gaya masa. Ya ce jijiyoyi ne suke mutuwa daga ƙasa suna hawa. Idan ta bar ɗakin yanzu, wataƙila su farfaɗo a hankali, idan kuwa ta ƙara 'yan makonni, to a fara neman keken guragu.

Auta ta ce ba za ta koma gida hannu rabbana ba, babu takarda, babu aiki, ta zauna Inna na ciyar da ita da 'yarta. Abu ɗaya ya rage: sashen kwali, can ƙasa, inda babbar ƙofar lodi take a buɗe yini guda, iska na shiga tana fita. Sau uku Uwar Layi tana zuwa wurin Mai Agogo, shugaban ɗakin, wanda ke yawo da agogon auna aiki a wuya. Na farko ya ce zai duba. Na biyu ya ce babu gurbi. Na uku bai ɗago kai ba, sai ya nuna mata allon da ke saman ƙofa, inda ake rubuta adadin da ake so ɗakin ya fitar, ya ce shi ma akwai mai agogo a kansa.

Cikin makon nan aka sanar masu bincike za su zo daga kamfanin da ke sayen wayoyin.

Ranar da za su zo, an wanke ƙasa har tana ƙyalli. An fitar da durom ɗin lungu, an ajiye tukunyar fure ta roba a gurbinsa. Aka raba sababbin takunkumi da safar hannu. Auta da wasu mata uku masu jan ƙafa an ce su zauna a ɗakin kwana, an ba su hutu. Mai Agogo ya tara sauran ya karanta musu amsoshi: ruwan gogewa ɗaya ne, takunkumi kullum ake bayarwa, kowa lafiyarta ƙalau. Daga ƙarshe ya ɗaga yatsa.

"Yau babu mai hanci a ɗakin nan. Kun ji ni?"

Rediyo ta ce ita dama nata a ɗaki ta baro, ta rataye shi a ƙusa. Ya harare ta. Ya ce idan baƙi suka nemi wadda za su yi magana da ita, Uwar Layi ce, don ita ba ta da rawar kai.

Baƙin uku ne, maza biyu da mace ɗaya. Mazan suka bi Mai Agogo suna duba na'urar kashe gobara. Macen, doguwa mai tabarau, ba ta bi su ba. Ta tsaya jikin bango kusa da kujera ta farko, ta rungume littafinta, tana kallon hannuwa kawai. Ta daɗe har aka manta da ita.

Wajen hantsi kwalbar Uwar Layi ta ƙare. Mai sito ya ɗauke ya ajiye mata wata. Hannunta bai tambaye ta ba. Hannun da kansa ya ɗiga ruwan a ƙyalle, ɗan yatsa ya ja takunkumi ƙasa, ƙyallen ya hau hanci. Sai da warin asibiti ya shige ta sannan ta gane abin da ta yi. Ta mayar da takunkumin a hankali. Waya biyu suka wuce ta a kan bel. Ta gefen ido ta ga matar ta buɗe littafi, ta kuma ga Mai Agogo daga can tsallaken ɗakin, fuskarsa ta yi kamar an watsa masa toka.

Bayan cin abinci aka kira ta wani ƙaramin ofis. Matar ta rufe ƙofa da kanta, ta tura mata robar ruwa, ta tambaye ta shekarunta a aiki da ko tana da iyali. Muryarta a ƙasa take. Sannan ta ajiye biro.

"Yaya, idan ruwan ɗaya ne, me kike nema a ƙyallen?"

Uwar Layi ta kalli robar ruwan. Maganar tana nan a bakinta, a shirye, tun daga silifas har allurar likita. Sai ta tambaya, kamar mai son sani kawai, idan an sami wani abu a wuri irin wannan, yaushe ake gyarawa. Matar ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce za ta rubuta rahoto, a zauna a kansa, a turo wasu su auna iskar ɗakin. Wata uku, wani lokaci shida. Uwar Layi ta tuna masana'antar batir da ke tsallaken titi. Bara aka kai ƙararsu, aka janye musu aiki. Masu lafiya dillali ya kwashe su zuwa wani wuri, marasa lafiya kuwa aka zuba su a mota da sassafe, kowacce da jakarta a cinya. Likita kuma makonni ya ce.

"Sabo ne, ranki ya daɗe," in ji ta. "Ko wanki na sauke daga igiya sai na shinshina. Tun ina yarinya ake min faɗa."

Matar ta daɗe tana kallonta. Ta yago ƙasan wata takarda, ta rubuta lamba, ta ninke, ta turo mata. Ta ce wannan tata ce ta kanta, ba ta ofis ba, kowane lokaci.

Uwar Layi ta soke takardar a bakin safar hannunta ta koma kujera. Har aka tashi tana jin ta a wuyan hannu, tana ɗan sukarta. Ta yi tunanin matan nan uku da aka ɓoye tare da Auta. Ta yi tunanin Rediyo, wadda kwanan nan ta daina sa ɗan kunne, ta ce wai ya fita yayi.

Da baƙi suka tafi, ba ta jira ya kira ta ba. Ta same shi a ofis yana cire agogon daga wuya. Ya fara da faɗa, shekara bakwai, babbar mace, a ce ita ce za ta kunyata shi. Ta bar shi ya gama. Sannan ta zaro takardar ta ajiye a kan tebur, ta danne ta da tafin hannu.

"Ban faɗa mata komai ba. Amma ta ba ni wannan, ta ce ko yaushe."

Ya kalli hannun, ya kalli ƙofa.

"Me kike so?"

"Ka sani, Oga. Sau uku ina zuwa."

Ya shafa kansa. Ya ce ita ba ta san abin da take wasa da shi ba, idan aka janye aikin nan har shi har su babu wanda zai kwana a ƙarƙashin rufi. Ta ce ta sani, shi ya sa ta zo nan ba ta kira can ba. Daga ƙarshe ya ce Auta ta je sashen kwali gobe da safe. Ta ce sauran ukun fa, da Rediyo?

"Gurbi ɗaya nake da shi. Ki zaɓa."

Ba ta zaɓa da baki ba. Ta ɗage hannunta daga kan takardar. Ya ɗauka, ya yayyaga ƙanana, ya zuba a aljihu. A hanyar ɗaki ta yi ƙoƙarin tuno lambar. Sau ɗaya ta gan ta, lokacin da ake rubutawa, a juye. Huɗun farko kawai suka zo.

Auta ta yi kuka da ta ji, ta ce Yaya yaya aka yi ya yarda. Uwar Layi ta ce ta same shi cikin nishaɗi ne, baƙi sun yaba masa. Ta kama ƙafar Auta ta ɗora a cinya tana murzawa, tana tambaya ko ta ji nan, ko nan fa.

Washegari tukunyar fure ta ɓace, durom ya dawo lungunsa. Matan nan uku suka dawo kujerunsu suna jan ƙafa. Labarin Auta ya riga Uwar Layi isa ɗakin. Ta gaishe da Rediyo, ta shirya wa zolaya, ko zagi ma. Rediyo ta amsa da "lafiya lau" ta juya ga kwalbarta, tana ta kokawa da murfin da yatsu biyu.

Kafin a kunna bel Mai Agogo ya shigo da sabuwar ma'aikaciya, mace mai faffaɗar fuska, rigar aikin ta yi mata yawa. Ya ce Uwar Layi ta kai ta kujerar ƙarshe ta nuna mata aiki. Suna tafiya matar tana ta godiya, tana cewa an gaya mata aikin zaune ne, cikin tsafta, ta baro 'ya'ya biyu wurin surukarta.

Uwar Layi ta zaunar da ita. Ta nuna mata yadda ake ninke ƙyalle gida huɗu, da yadda ake riƙe waya ta gefe don kada yatsa ya taɓa gilashi. Matar ta ɗaga kwalbar tana juyawa, ta tambaya me ya sa babu rubutu a jiki.

"Iri biyu ne, ƙanwata. Wannan shafa ɗaya ake masa." Ta ɗiga a ƙyalle ta miƙa mata. "Shinshina ki riƙe warin."

Ƙararrawa ta buga. Uwar Layi ta bi bayan kujeru talatin da ɗaya ta koma tata. Da ta ɗauki wayar farko, ta ji kamar kiyashi ɗaya a ƙarshen babban yatsanta. Ta murza shi a jikin riga, ta ɗauki ta biyu.