Yadda Ya Goge Takobi

Hajiya Tasalla ba ta saɓa alkawari, ga shi ta ɗaukar wa ɗanta Baballe guda: za ta hana jikarta Ummi karatun shirya fim. Abin da ya kawo ta gidan Baballe a unguwar Bin Mahmud ke nan.

Bayan la'asar Ummi ta kunna talabijin, ta sa fim ɗin Japanawa. "Tsohuwa, kalli ɗaya tukuna, sannan ki yanke min hukunci."

"Ja'ira, ni Japananci nake ji?"

Tsohon fim ne marar kala. Maza biyu suka tsaya cikin ciyawa, kowa hannu a kan takobi, ba mai motsi sai iska. Hajiya 'yar mahauta ce, a bakin filin dambe ta girma, ta san wannan tsayuwar. Can iskar ta ɗauke. Sara ɗaya, ko jini ba a nuna ba. Wanda ya rage ya goge takobinsa a hankali, yadda babanta ke goge wuƙa bayan yanka, ba murna.

"Ɗan'uwansa ya kashe," in ji ta.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba ki ga ya kasa kallon gawar ba?"

Da Baballe ya dawo daga aiki ya ce, "Hajiya, kin yi mata maganar?"

"Ban yi ba, ba kuma zan yi ba, ka biyo ni bashin wannan. Mutanen da suka ba ni labari haka ba da baki ba? Bar yarinya ta koya. Ummi, sako na biyun."