Kowa da Uzurinsa

Farfesa ta ƙi sa hannu. Ta ture kundin gefe, ta cire tabarau, ta ce babi na huɗu bai tsaya da ƙafarsa ba.

Auta, haka ake kiranta a gida, sunan kuma ya biyo ta har jami'a, ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. In ba a sa hannun nan cikin makon nan ba, ba za ta kare kundinta bana ba, sai baɗi. Kwalejin da ta yi mata alkawarin aikin koyarwa kuwa ta faɗa tun farko cewa ba ta ajiye wa kowa kujera.

Binciken nata a kan mata ne masu jinyar iyayensu a gida. Ba a ofis ta zauna ta ƙago shi ba. Ta bi lunguna, ta hau benaye marasa fitila, ta zauna a ɗakunan da warin magani ke kama maƙogwaro, ta yi hira da matan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta gano shi ne ƙashin bayan babi na huɗu: matan nan ba sa riƙe 'yan'uwansu da suka bar musu wahalar a zuci. Da bakinsu suka faɗa. Yanzu kuma matar da rabonta da fita tattara bayani tun Auta na firamare za ta ce bai tsaya ba!

"Na karanta hirarrakin da kika rubuta," in ji Farfesa. "Tsaf suke, tsabtar ce ma ta dame ni. Tambaya, amsa, tambaya, amsa. Ke ba kya tari? Ba kya cewa to? Shi ya sa na ce ki kawo mini muryoyin."

"Ai tacewa na yi, Farfesa. Abin da ni na faɗa ba bayani ba ne."

"Ba bayani ba ne? Zauna ki ji."

Ta danna kwamfuta. Muryar wata mata ta fito, a gajiye: "Yayyena maza kuwa, tun da tsohuwa ta kwanta..." Sai wata murya mai laushi ta shigo kanta: "Allah sarki. Ai kowa da uzurinsa." "Haka ne," in ji matar, "kowa da uzurinsa."

Farfesa ta buɗe wata hirar. Wata matar ce daban, a wani gidan daban, ta fara maganar ƙanwarta, muryar nan mai laushi ta sake tare ta. Ta buɗe wata, haka. Auta ba ta taɓa sanin muryarta na da wannan zaƙin ba, kuma nan take ta tsane shi.

"Ladabin magana ne kawai," ta ce, fuskarta na zafi. "Mutum na ba ki labarin damuwarsa, sai ki zuba masa ido kamar gunki?"

"Da suka yi maganar tsadar magani ba ki tare su ba. Da suka yi maganar rashin barci ma kin bar su sun kai aya. Sai a kan 'yan'uwa." Farfesa ta mayar da tabaranta. "A gidanku akwai mai jinya?"

"Wannan bai shafi bincike ba."

"To. Ki je ki yi tunani a kai."

Akwai mai jinya. Baba ya daɗe a kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma Yaya ce a kansa, ita da ta ajiye aikinta na kanti ta dawo gida. Amma ina ruwan Farfesa? Auta ta sauko daga benen tana taka matakala kamar da su take faɗa. Wato sai ta kwashe asirin gidansu ta zuba a kundi kafin a ce ta yi ilimi? Wannan sabon yayi na mai bincike ya binciki kansa ya ishe ta. Ta ga kundin wani a sashen nan, shafi bayan shafi yana ba da labarin yadda zuciyarsa ta karaya, mutanen da ya je wurinsu kuwa ko numfashinsu ba a ji. Ita ba ta yi haka ba, ta janye kanta gefe ta bar mata suka yi magana, shi ne ya zama laifi.

Kafin ta kai bakin ƙofar jami'a ta yanke shawara. Za ta koma wurin matar farko da aka kunna, ta maimaita tambayar, ta kame bakinta, ta kawo wa Farfesa amsar ta dire mata a kan tebur.

Matar tela ce. Shagonta ɗan falon gidan ne, keken ɗinki a bakin taga, yadi jibge a kan kujera, labule ya raba shi da ɗakin da uwarta ke kwance. Ta karɓi Auta da fara'a, ta kwashe yadin ta ba ta wuri.

"Malama, ke ce kuma? Ban amsa daidai ba ne wancan karon?"

"A'a, Anti, daidai kika amsa. Tambaya ɗaya ce nake so in maimaita."

Ta kunna rakoda, ta tambaya yaya 'yan'uwa suke game da jinyar, sannan ta sa gindin biro a baki ta cije.

"Alhamdulillahi," in ji telar. "Suna ƙoƙari daidai gwargwado."

Auta ta ji daɗi har cikin ranta. Ga shi nan! Ta so ta kashe rakodar ta tashi, amma ta yi wa kanta alkawarin ba za a ce ta yi gaggawa ba. Ta ci gaba da cizon biro. Telar ta dube ta, ta jira, ba ta ji komai ba. Ta taka keke, ta kai ƙarshen layi, ta yanke zare. Shirun ya yi nauyi har Auta ta fara jin ƙarar fanka.

"Daidai gwargwado," matar ta sake cewa, a hankali. Ta ajiye almakashi. "Mazan ma ban cika damuwa da su ba. Su ba sa zuwa, ba sa kira, na san matsayina. Ƙanwata ce ke ƙona mini rai."

Daga nan bakin ya buɗe. Ƙanwar mai ilimi ce, tana can wani gari. Kullum sai ta kira, kuma ba ta taɓa tambayar ita telar ya nata jikin ba, sai dai ba da umarni: a riƙa juya tsohuwa, a rage gishiri, an duba hawan jini? Tana turo bidiyon likitoci a waya. In ta zo, da leda cike da lemo, ta zauna bakin gado ta riƙe hannun tsohuwa ta yi hawaye, ta ɗauki hoto, kafin lokacin canza zanen gado ya yi ta tuna tana da taro.

"Tsohuwa kuma sai ta yini tana sa mata albarka. Ni da nake kwashe kashinta, ni ce mai zafin hannu!"

Auta ta ji maganar ta taso mata har wuya. To me ake so yarinyar ta yi? Ta bar aikinta? Kiran waya ba kulawa ba ne? Bidiyon nan ai don taimako ake turowa, ita ma jiya ta tura wa Yaya guda, mai kyau, a kan gyambon kwanciya. Haushin telar ya kama ta sosai, haushi na gaske, har biron ya yi ƙara a tsakanin haƙoranta.

Daga bayan labule tsohuwa ta yi kira. Telar ta shiga, aka ji motsin gado da nishi da lallashi, ta fito tana goge hannu. Idonta ya yi ja, amma fuskarta ta saki.

"Ki yafe ni, Malama, na cika ki da surutu. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wancan zuwan naki na ɗauko zancen, da na ji amsarki sai na ce a raina, wannan ta ɓangarensu ce, na haɗiye abina."

Auta ta kashe rakoda. Ta yi godiya, ta yi wa tsohuwa fatan sauƙi, ta fita.

A tashar mota ta tsaya, motoci na zuwa suna wucewa ba ta shiga ba. Har yanzu ranta a ɓace yake, sai dai ta rasa wanda za ta ɗora wa. Ta gwada Farfesa, bai zauna ba. Ta gwada telar, bai zauna ba. Mace ɗaya ce dai, ta gaya wa kanta, mace ɗaya ba ta rushe babi. Amma ta san sauran hirarrakin, ta san inda kowace mata ta ɗauko zance da inda aka sauke mata shi. Babu kuma wanda ya san ta zo nan yau. Maɓallin gogewa na nan a gefen rakodar, ɗan ƙarami.

Wayarta ta yi ƙara. Farfesa ce, muryarta ta sauko ba kamar ta ɗazu ba.

"Na yi tunani a kan maganar aikin nan naki. Ba na so in zama sanadin rasa shi. Ki ƙara sakin layi ɗaya a babi na uku, ki ce matsayinki na iya yin tasiri a kan amsoshin, kamar yadda kowa ke rubutawa. Ki kawo gobe in sa hannu."

Abin da ta fito nema ke nan tun safe, an miƙo mata shi har hannu. Kuma shi ne ya fi komai tunzura ta. Sakin layi ɗaya! Duk abin da matar nan ta haɗiye, da na sauran, a rufe shi da sakin layi ɗaya irin na kowa, a buga, a ajiye a laburare, wata rana wani ya ɗauko ya kafa hujja da shi cewa masu jinya ba su da ƙorafi.

"Kada ki sa hannu, Farfesa."

"Me kika ce?"

"Na ce kada ki sa. Zan koma wurinsu, dukkansu."

"Kin san ba za ki gama bana ba? Aikin fa?"

"Na sani." Ta ɗaga murya, har wani mai jiran mota ya waiwayo. "Babin ƙarya ne, Farfesa. Kuma ba matan ne suka yi ta ba."